Ƙafar Surukina a Tottenham

Watana huɗu a Landan kafin surukina ya iso, kuma har lokacin sanyin garin bai daina shiga mini haƙori ba. Gwamnatin jiharmu ce ta turo ni kwas ɗin aikin ruwan famfo, a shekarun nan da kuɗin mai ya shigo aka riƙa ɗibar ƙananan ma'aikata irina ana watsa mu Turai. Ɗakina na farko a Peckham yake. Wani baƙar fata ɗan'uwanmu ne ya tare ni da fara'a, ya rantse mini ɗakin akwai hita. Akwai ta kuwa, sai dai ina jin ta mutu tun kafin a haife ni. Sati uku ina kwana da kwat da safa, sannan wani ɗalibi Bazazzagi ya ji tausayina ya nemo mini wani ɗakin a Tottenham, a hawa na biyu na wani tsohon gida. Gado ɗaya, kujera ɗaya, taga ɗaya mai kallon bangon maƙwabta, da hitar gas da ba ta kamawa sai an jefa wa mita kwabo. Kicin da banɗaki na kowa da kowa ne. Na yi hamdala, na ɗauka wahalata ta ƙare ke nan.

Sai ga talgiram daga Haɗeja. Alhaji Mamman, mahaifin matata Binta, yana tafe ganin likita, ciwon suga ya taɓa masa ƙafa. An ce kada in damu, wani dillali a Kano ya karɓi aikin gaba ɗaya, ya kama masauki, kuma mutuminsa zai tare shi a filin jirgi. Ni nawa kawai in je in kwashi gaisuwa.

Dole in faɗi yadda muke da Alhaji, in ba haka ba abin da ya biyo baya zai yi kama da wauta tsagwaronta. Shekarata shida da auren 'yarsa, ban taɓa zama kan kujera a gabansa ba. Ban taɓa kurɓar ruwa yana gani ba. In na hango shi a hanya sai in sake lungu, in babu dama in tuɓe takalmi in tsuguna, idona a ƙasa, har ya wuce. Shi ma haka yake da ni. Bai taɓa kiran sunana Habu ba, “Malam” yake ce mini. Binta kuwa 'yar farinsa ce a mata, sunanta ba ya fita daga bakinsa, sai dai ya ce “mutanen gidanka.” Ba ƙiyayya ba ce, girmamawa ce, kuma ni da shi muna alfahari da cewa ba mu taɓa kuskure a kanta ba.

A filin jirgi muka yi awa huɗu muna jiran mutumin dillali. Alhaji yana zaune a keken guragu da babbar riga da bargon jirgi a kafaɗa, ni ina tsugune a gefensa, Turawa suna kewaye ni da akwatunansu suna harara. Ba wanda ya zo. Muka ɗauki tasi zuwa adireshin masaukin da aka rubuta masa, muka tarar shagon wankin kaya ne. Matar da ke ciki ta ce ba mu ne na farko ba. Na tsaya a bakin titi da takardar a hannu, raina ya ɓaci, amma ba halin in yi zagi a gaban suruki. Na koma na leƙa tagar motar na ce, “Baba, akwai ɗan ɗakina.” Ya ce, “To, Malam.”

Takardar asibitin kaɗai ce ta gaskiya, don likitansa na Kano ne ya rubuta ta da kansa. Kwana biyu bayan nan muka je. Wani dogon Bature mai furfura ya warware bandejin, ni kuwa na juya fuskata ga bango, don haka ban ga komai ba, wari kawai na ji. Bature ya ɗauki allura ya riƙa tsira masa a tafin ƙafa yana tambaya ko ya ji. Ina fassarawa, Alhaji yana cewa a'a. Ashe ƙusa ce ta huda takalminsa watanni da suka wuce, ya yini yana taka ta bai sani ba, wurin ya zama gyambo a tafin ƙafar hagu. Likita ya ce ciwon ya kusa kai wa ga ƙashi, kuma abin da ya fi aminci shi ne a yanke daga ƙasan gwiwa. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na iya faɗar wannan da Hausa.

Alhaji bai razana ba. Ya ce, “Tambaye shi, in sun yanke, ina za su kai ta?”

Na tambaya. Likitan ya yi mamakin tambayar, ya ce ai ƙonawa ake yi, akwai wurin da aka tanada don haka.

Alhaji ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa. “Gaya masa ƙafar nan da ita na taka daga Haɗeja har bakin Bahar Maliya ina saurayi. Shekara biyu ina tafiya kafin na ga Ka'aba. Ba a Landan za a babbake ta kamar kan akuya ba. Tashi mu tafi.”

Maganin suga kaɗai ya yarda ya karɓa. Na je ofishin jirgi in sama masa kujerar komawa gida, suka ce mai irin wannan ciwon ba ya hawa sai da takardar likita. Na koma wurin likita, ya ce ba zai sa hannu ba. Gaba ta toshe, baya ta toshe. A satin nan kuma wasiƙar babban ɗan Alhaji, Yaya Sani, ta iso, layi uku kacal, na ƙarshen yana cewa amanar Baba tana hannuna.

Haka muka zauna, maza biyu da ba sa haɗa ido, a ɗakin da taku huɗu ne tsawonsa. Na bar masa gado, na ɗaura bargo daga jikin kwaba zuwa ƙusar ƙofa, na shimfiɗa kwali a bayansa na mayar da nan makwancina. In na dafa abinci sai in ajiye masa in fita, don shi ma ba zai ci ina kallo ba. Nawa kwanon kuwa a kan matattakalar bene nake cinye shi, da kwat a jikina, iska tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofar gida. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. Alhaji ba ya iya sauka ƙasa, yini yake yana jan carbi yana kallon bangon maƙwabta. Abu ɗaya da ya haɗa mu a duniya ita ce Binta, ita kuma ba mai iya ambatonta. Na yi kewar gida a kwanakin nan har na riƙa jin haushin tantabarun da ke sauka a tagarmu, don su in sun ga dama tashi suke yi. Warin ƙafar kuma kullum ƙaruwa yake, ya kama labule, ya kama littattafaina.

A kan matattakalar nan Kandasami ya same ni. Ba'indiye ne baƙi siriri, ɗan ƙabilar Tamil, yana zaune a ɗakin ƙasa, kwandasta ne a motar bas. Kullum da safe akwai farar toka a goshinsa. Sau uku yana tsallake ni da kwanona, a na huɗu ya tsaya.

Da Turanci muke magana da shi. Ya ce, “Kai kuwa me ya sa kake cin abinci a bene kamar kyanwa?”

Na ce surukina ne a ɗakin. Ya yi dariya har da riƙe ƙarfen bene, ya ce su ma suna da surukai, amma ba su kai nan ba. Sai dariyar ta ɗauke. Ya ce, “Warin da ke fitowa daga ɗakinka na san shi. A cikinsa na girma.”

Ashe mahaifinsa da kakansa masu magani ne a ƙauyensu, irin maganin gargajiyar mutanen Tamil da suke kira Siddha. Ya ce tun yana ƙarami yake niƙa wa babansa saiwoyi, kuma masu gyambon suga su ne suka fi yawa a zaurensu. Shi ne ya guje wa sana'ar ya zo Ingila yana huda tikiti, amma akwatin ƙarfen babansa yana ƙarƙashin gadonsa. Ya ce in tsoho ya yarda zai duba.

Na shiga na tsuguna na yi wa Alhaji bayani, har da maganar tokar goshi, don kada ya gani ya ce na ɓoye masa. Tambaya ɗaya ya yi: “Yankewa zai yi?” Na ce a'a. Ya ce, “To ya shigo.”

Kandasami ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce masa, nan take ya shiga ran Alhaji. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunsa, ya rufe ido ya daɗe. Ya duba harshe, ya duba ido. Ya ce gobe da safe a tara masa fitsari a kwano, zai ɗiga mai a kai ya ga yadda zai bazu. Da ƙyar na fassara wannan, gumi yana keto mini a cikin sanyin nan. Alhaji ya ce, “Wannan ya fi Baturen bin diddigi.” Washegari Kandasami ya zo da garin wasu busassun 'ya'yan itace guda uku, a tafasa a tace a bar shi ya huce, da shi ake wanke ciwon. Ya zo kuma da wata kwalba mai koren mai. Ya ce man kwakwa ne aka dafa da ruwan wani ganye da ɗan wani shuɗin dutse. Ya ciro busasshen ganyen daga akwati ya nuna mana. Alhaji ya karɓa ya murza ya shinshina, sai fuskarsa ta washe a karon farko tun da ya sauka.

“Zaƙami! Malam, zaƙami ne wannan. Gaya masa mu a garinmu haukata mutum yake yi.”

Kandasami ya ce, “A garinmu ma haka. Shi ya sa ba sha za a yi ba.”

Ya hana shayi da sukari, ya hana farin burodi, ya aike ni shagon Indiyawa na sayo hulba da wani ɗan'uwan garafuni mai ɗacin tsiya. Ya ce maganin asibiti kada a kuskura a daina. Sannan ya sa ni na maimaita wa Alhaji sharuɗɗansa sau biyu. Man nan ba tsafi ba ne, in ji shi, taimako kawai yake yi. Kada a taka ƙafar ko zuwa banɗaki ne. Ruwan wankin kuma sai mai lafiya ya tsoma gwiwar hannunsa ya ji ya huce, don ƙafar ta mutu da ji, ko a wuta aka sa ta ba za ta faɗa ba. Mafi girma, kullum sai wani ya ɗaga tafin ƙafar ya duba da idonsa, tunda mai ita ba ya iya gani, ba ya kuma ji. In aka ga baƙi, ko zazzaɓi ya zo, a ranar za a tafi asibiti, babu jira.

Sati guda yana zuwa da kansa in ya tashi daga aiki. Ni aikina dafa ruwa da riƙe ƙofa, ina tsaye a waje. Wari ya ragu. Kandasami ya ce naman ya fara ja, bakin ciwon ya fara tsukewa. Alhaji ya raɗa masa suna Malam Sami, suna hira da hannu da ka, har na ji yana koya masa “sannu.” Na rubuta wa Yaya Sani cewa an dace.

Sai aka sauya wa Kandasami wurin aiki, aka tura shi wani gareji can kudancin gari, ya fita da asuba ya dawo a gajiye. Ya kira ni ɗakinsa ya koya mini komai a kan tawa ƙafar: yadda ake wankewa daga ciki zuwa waje, yadda ake busarwa tsakanin yatsu, yadda ake jiƙa ƙyalle da mai a ɗora. Ya ce, “Za ka iya?” Na ce zan iya. Mutumin da ya yi maka wannan alheri ba ka duban idonsa ka ce masa a'a.

Safiya ta farko na kawo kwano da kwalba, na tsuguna a gaban gado. Alhaji ya janye ƙafar ya tura ta ƙarƙashin bargo.

“Ajiye nan, Malam. Na ga yadda yake yi, zan yi da kaina. Je ka makarantarka.”

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, daɗi na ji. Na ce a raina ai dattijo ne mai hankali, ya yi fatauci ƙasa-ƙasa, wanke ƙafa ba zai gagare shi ba. Na ajiye na fita. Haka muka yi kwana goma sha biyu. Da yamma in tsuguna in ce, “Baba, ya ƙafa?” ya ce, “Da sauƙi, Malam.” In na gamu da Kandasami a bene ya tambaya, in ce lafiya lau. Na lura gas yana ƙarewa da wuri. Na lura butar shayi tana sauya wuri, kuma warin ya dawo da wani sabon launi. Duk na gani, na haɗiye, don tambayar suruki abin da yake yi a bayan idonka rashin kunya ne.

Rana ta goma sha uku malaminmu bai zo ba, aka ce an soke darasi. Na dawo gida da hantsi, na yi sallama na tura ƙofa. Ɗakin ya cika da tururi. Alhaji yana zaune a bakin gado, ya ja hitar gas har gabansa, ya ɗora ƙafar a kan akwatina dab da wutar. Buta tana gefe tana huci. Ya naɗe hannunsa da hular sanyi don kada ya ƙone, yana tsoma tawul a tafasasshen ruwa yana dannawa a kan ciwon.

Gashi yake yi. Abin da uwarsa ta yi masa, abin da tawa uwar ta yi mini, abin da kowane gida a Haɗeja yake yi wa kumburi da targaɗe. Ya ɗago ya gan ni, ya ce da muryar wanda aka kama, “Malam Sami yana da kirki, amma ruwan sanyi a wannan sanyin? Ciwo ai gashi yake so.”

Na tsaya a bakin ƙofa, idona ya koma ƙasa da kansa kamar yadda ya saba. Sai na ji wani abu ya taso mini tun daga ciki, haushin dillali, da na sanyi, da na matattakalar bene, da na kaina fiye da kowa. Na taka na kashe hitar, na ture butar da ƙafa, na zauna daɓas a ƙasa a gabansa.

“Baba, miƙo ƙafar.”

“Malam?”

“Miƙo ƙafar, Baba.”

Ya miƙo. Na ɗora ta a cinyata na juya tafin. Ranar na fara ganin abin da nake jinya wata guda da rabi. Fatar bayan ƙafar ta tashi ta yi bororon ƙuna, wasu sun fashe. Gyambon ya buɗe ya fi bakin kofin shayi. Ƙananan yatsu biyu na ƙarshe sun yi baƙi sun motse kamar busasshen dabino. Na taɓa su, sanyi ƙalau. Hawaye suka zubo mini a kan ƙafar surukina, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

Na sauka na buga waya garejin su Kandasami, na yi ta roƙo har aka nemo shi. Kafin la'asar ya iso da kayan aikinsa a jiki. Ya duba, bai ɗaga murya ba. Ya juyo ya ce mini, “Ina idonka yake duk kwanakin nan?” Na fara yi masa bayanin al'adarmu, ya ɗaga hannu. “Kunyarka ta ci yatsu biyu. Ka ƙara mata kwana biyu ta cinye ƙafar.” Ya ɗauki kwalbar koren man ya murɗe murfinta ya sa a aljihu. Ya ce wannan ya wuce mai, ya wuce duk abin da ke akwatin babansa, yau sai asibiti.

Na fassara. Alhaji ya girgiza kai. “Ya ƙara gwadawa. Na daina gashin.” Kandasami ya ce in gaya masa babansa ya fi shi sani nesa ba kusa ba, kuma da ya ga irin wannan baƙin, a keken shanu yake ɗora mutum zuwa asibitin gari. Alhaji ya ce to a bar shi ya mutu da abarsa, a binne su tare. Har lokacin ƙafar tana kan cinyata.

Na ce, “Baba, duk abin da suka yanke, ko yatsa ne ko ƙafar ce gaba ɗaya, ni zan karɓo shi. In wanke, in naɗe, in binne da hannuna. Wuta ba za ta taɓa shi ba.”

Sai ya dube ni, ni ma na dube shi. Shekara shida, ranar na san akwai tabo a girarsa ta dama. Ya ce, “Ka ɗauki alkawari?” Na ce na ɗauka.

A asibiti wani likitan muka samu, matashi. Ya ce zai gwada cire yatsun biyu da ruɓaɓɓen naman ya gani, amma bai yi mana alkawarin ƙafar ba. Da na kawo maganar a ba ni yatsun, babbar nas ta dube ni kamar na nemi a ba ni gawar wani. Ta ce ba a yi. Na ce yau za a fara. Muryata ta fara tashi, sai na ji an taɓa mini kafaɗa, an ce da Hausa, “Ɗan'uwa, kar ka yi shouting, za su kira maka security.” Wata nas ce baƙa, gajera, da ɗan kuros a wuya. Sunanta Rifkatu, daga wajen Jos. Na ba ta labari a tsaye. Ta ce, “Zauna nan. Akwai form da ake cikawa, ba sa son faɗa wa mutane ne kawai. Bari in ga matron.” Na zauna a benci har dare ya yi nisa. Washegari ta miƙo mini wata 'yar kwalba a naɗe da takarda, yatsun suna ciki, ta ce, “Allah ya ba Baba lafiya,” ta juya da sauri kafin in gama godiya.

Na wanke su a banɗakin gidanmu, na yagi gefen farin rawanin Alhaji na naɗe su, na sa a aljihun kwat. Na shiga tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, na zauna tsakanin Turawa biyu masu karanta jarida, hannuna dafe da aljihu. Daga nan na hau bas har bayan gari, inda aka ce akwai maƙabarta mai ɓangaren Musulmi. Mai haƙan kabarin wani tsohon Bature ne. Ya saurare ni, ya tuɓe hularsa, ya kai ni gindin shinge ya sara ƙasa da shebur sau uku, ya ba ni wuri. Ƙasar baƙa ce, jiƙaƙƙiya. Na sa su, na rufe da hannuna, na yi addu'ar da ta zo bakina. Da na koma asibiti na nuna wa Alhaji ƙasar da ta maƙale mini a farce, ya gyaɗa kai, ya rufe ido.

Ƙafar ta tsira, amma ta ɗauke mu wata uku. Bayan an sallame shi, kullum safe ni ne a ƙasa da kwano. In naɗe hannun riga, in tsoma gwiwar hannu a ruwa, in ɗaga tafin in duba da ido biyu, har tsakanin yatsu ukun da suka rage. Da ɗinkin ya kame, Kandasami ya dawo da kwalbarsa. Na kai wa matashin likitan, ya shinshina, ya ɗaga kafaɗa, ya ce in dai ana kawo masa ƙafar duk sati yana gani, ba zai hana ba. Har yau ban san rabon kowa a warkewar nan ba, na asibiti ko na koren mai. Jarrabawata kuwa na faɗi warwas, sai da na maimaita zango guda.

Wata rana na ajiye masa abinci na ɗauki kwanona zan fita, ya ce, “Malam, benen nan akwai sanyi. Zauna nan.” Na zauna a bayan bargona, na kasa kai loma baki. Ya lura. Sai na ji gado ya motsa, na leƙa na ga ya juya fuskarsa ga bango da nasa kwanon. Haka muka ci gaba da cin abinci har ya bar Landan, baya da baya. Ranar tafiya ya tuɓe babbar rigarsa mai aska ya yafa wa Kandasami. Rigar ta haɗiye shi har ƙasa, amma da ita ya raka mu bakin titi.

Da na gama kwas na koma gida, na ɗauka wani abu ya sauya tsakaninmu. Na je gaisuwa na tarar da shi a zaure cikin jama'a. Ƙafafuna suka tuɓe takalmi da kansu, na tsuguna, idona a ƙasa. Ya ce, “Malam, an dawo lafiya? Ya mutanen gidanka?” Shi ke nan. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a duniya, yana takawa masallaci da sandarsa, kuma ko sau ɗaya ni da shi ba mu ambaci Landan ba. Wani lokaci in ji ciwon hakan, wani lokaci in ce haka ya fi.

Ranar da ya rasu ina zaune a waje cikin masu zaman makoki, can baya inda ya dace da suruki. Liman da 'ya'yansa suna ciki za a yi masa wanka. Sai Yaya Sani ya fito, idonsa ja, yana dube-dube har ya hango ni. Ya zo ya durƙusa kusa da ni.

“Baba ya bar wasiyya. Ya ce ƙafafunsa Habu ne zai wanke, shi ya san su.”

Na ce, “Haka ya ce? Habu?”

“Haka ya ce, da bakinsa.”

Na tashi na bi shi. An shimfiɗe Alhaji an rufe shi, ƙafafun ne kaɗai a waje, ta hagun da yatsunta uku. An ajiye ruwan ɗumi a bokiti. Ban san lokacin da na naɗe hannun rigata na tsoma gwiwar hannu a ciki ba. Liman da 'ya'yansa suka tsaya suna kallona.

Na ce, “Ya yi masa zafi. A sirka.”